Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Sufuri Kan Tashar Jirgin Ƙasa Ta Kafanchan

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri.

A watan Maris na 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin dogo daga Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma tun daga ranar muke kasa kunne mu ji kukan jirgin da aka ce yana tafe Kafanchan. An buɗe ɓangaren Fatakwal zuwa Aba a 2024, muka ce ai alama ce, amma daga nan sai shiru kamar an shuka dusa.

Ba sai an gaya maka cewa jirgi ne ya raini wannan gari ba. Tun 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi yake rabuwa biyu a nan, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗayan ya hau Jos domin kwaso kuza, kuma daga Kuru da ke kan wannan reshen aka ja dogo ta Bauchi da Gombe har ya kai Maiduguri a 1964. Turawan mulkin mallaka, waɗanda albarkatun ƙasa kawai suka dama, sun ga amfanin wannan mahaɗa, sai mu masu ƙasar ne muka bar ciyawa ta binne dogon, tsatsa tana cin tsofaffin taragu a inda aka jingine su.

Mahaɗa wurin jira ce, ranka ya daɗe. Fasinjan da ya sauka daga wani jirgi yana dakon wani, wataƙila tsohuwa ce da jikoki da ƙullin kaya cikin dare, abin da take nema bai wuce benci a ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo ba, da famfo, da banɗaki mai tsafta, da fitila, da allon da zai faɗa mata lokacin tashi. Gwamnatin da ta gina tashar Rigasa, inda jirgin Abuja yake tsayawa tun 2016, ba ta rasa sanin yadda ake yin waɗannan ba, sai dai in Kafanchan ta fice daga jihar Kaduna ba mu sani ba.

Akwai batun tsaron hanya da na masu satar ƙarafan dogo, amma na bar su sai wani jiƙon. Roƙona ɗaya ne: ka fito ka faɗi watan da ma'aikata za su iso Kafanchan, kuma a sa gyaran ginin tashar cikin kwangilar.

Naka,
Wani ɗan ƙasa mai jiran jirgi.