Rahoton Kwamitin Gyaran Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa

Jama'ar gari, aikin da kuka ɗora mana na gyaran tsohuwar tasha ya kammala, ga bayaninsa.

Ruwan sama ne ya fi yi wa ginin ɓarna. Kwanon rufi duk ya huje, gara kuma ta cinye katakon da ke riƙe da shi, har kafinta na danna yatsa yana burmawa. Da rufin muka fara, aka sauya katako da kwano gaba ɗaya. Bango kuwa magini ya hana a shafe shi da siminti. Ya ce da farar ƙasa aka ɗora tubalinsa, siminti zai kulle danshi a ciki tubalin ya riƙa marmashewa. Da farar ƙasar aka cike tsagogin, duk da tana jinkirin bushewa.

Inda aka kai ruwa rana shi ne tankin ruwan da ke bayan tasha. Wasu daga cikinmu sun so a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe a ƙara a kuɗin aiki. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suka ce atabau, kuma su ke da gaskiya. Tun zamanin layin Stockton zuwa Darlington da aka buɗe a Ingila a 1825, jirgi mai tururi da kwal da ruwa yake tafiya, dole ya riƙa tsayawa a hanya a cika masa. Tsayawar nan ce ta haifi garinmu: leburorin layi suka yi gidaje, masu talla suka biyo fasinja, manoma suka fara kawo amfanin gona a loda a tarago. Da injin dizal ya zo, jirgi ya daina neman ruwanmu, kasuwa ta ja baya. Tankin dai an kankare masa tsatsa, an yi wa ƙafafunsa walda, an shafa fenti.

Ɗakin sayar da tikiti ya zama wurin ajiyar kayan tarihi. Ƙararrawar tasha na nan, da sikelin awon kaya, da fitilar hannu mai gilashi ja da kore wadda iyalan wani tsohon ma'aikaci suka kawo. Zauren jiran fasinja kuma ya zama na taro da karatun yara.

Ƙarfen layin dogo ba mu taɓa shi ba, na hukumar jiragen ƙasa ne. Lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe yana manne a ƙofar zauren. Mai tsohon hoto ko tikiti a gida ya kawo wa sakatare, za a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa.