Ina sufeton da zai shiga aji?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida taka in tofa albarkacin bakina kan yadda hukumomin gwamnati ke sa ido a harkar ilimi, domin na lura masu magana a kai galibi Abuja suke kallo, alhali ɓarnar a gindinmu take.

Da yawan hukumomi ne ke gyara ilimi, da tuni Najeriya ta yi wa tsararrakinta fintinkau. Jami'o'i suna da NUC tun 1962, kwalejojin fasaha suna da NBTE a Kaduna, kwalejojin horar da malamai suna da NCCE. JAMB na tsare da ƙofar manyan makarantu tun 1978, ga WAEC da NECO da NBAIS masu shirya jarrabawar kammala sakandare, ga TRCN da doka ta ɗora wa rajistar malamai tun 1993. 'Ya'yan makiyaya ma suna da tasu hukumar, a 2023 kuma aka ƙaro ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Kowacce da shugabanta da ofishinta da jerin motocinta. To, a cikinsu kaf, wane ne ke shiga aji uku na firamaren ƙauye, ya zauna a bencin baya, ya saurari abin da ake koya wa yara?

Ni malamin firamare ne, a kujerar hedimasta na yi ritaya, kuma na riski zamanin da kalmar "sufeto" ke sa malami ya tashi da asuba. Ba ya aiko da sanarwa. Ƙarar babur ɗinsa kawai za ka ji a bayan katanga. Kafin ku gama gaisawa ya jawo littafin sa hannu ya ja jan layi a ƙarƙashin sunan wanda ya zo ƙarshe, duk wanda ya iso bayan nan ya san makara ta hau kansa. Sai ya ɗauki rajista ya shiga aji ya ƙirga kawunan yara, ya gwada da abin da aka rubuta. Ya karɓi shirin darasinka ya duba ko na yau ne ko na bara ka karkaɗe wa ƙura. Abin da muka fi tsoro shi ne ya zari littafin wani yaro daga can ƙuryar aji ya ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi, sannan ya miƙa wa yaron alli ya ce ya rubuta sunan garinsu a allo. Abin da ya rubuta a kanka kuwa yana bin ka har ranar ƙarin girma.

Kafin in bar aiki abin ya zama wasan kwaikwayo. Tun ana jibi za a bugo waya a ce masu duba makarantu na tafe. A share fili, a yi wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, malamin da ya yi wata yana kasuwancinsa ya bayyana da sabuwar hula. Baƙi su sauka a ofishin hedimasta, su cike fom, a kawo abinci, a haɗa musu kuɗin mai, su wuce makaranta ta gaba ba tare da ƙurar alli ta taɓa rigarsu ba. Ban cika ganin laifinsu ba, don an jibga wa mutum ɗaya makarantu masu yawa, ba a ba shi abin hawa ba, ba a ba shi mai ba. Amma wanda ka ciyar, ka kuma zuba wa mai, da wane ido zai rubuta cewa makarantarka ba ta aiki?

Tushen matsalar, a ganina, shi ne firamare tana da iyaye da yawa, ba ta da mai tsawata mata. Tsarin mulkin 1999 ya raba ilimi tsakanin tarayya da jihohi, ya kuma sa ƙananan hukumomi cikin ɗaukar nauyin firamare. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ta riƙa raba wa jihohi, da sharaɗin jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa. Jihohi da dama sukan kasa ajiye nasu kason, biliyoyin naira su yi ta kwana a asusu yara na zaune a ƙasa. Inda aka karɓo kuɗin kuma, gini da fenti da benci ake bi a duba, domin su ne ke da kwangila, su ne kuma ake ɗauka a hoto. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ce ke da malamai, albashinsu daga kason ƙaramar hukuma yake fita, sakataren ilimi kuwa sau tari ɗan siyasa ne ya kawo shi. Idan hedimasta ya kai ƙarar malamin da ba ya zuwa aiki, aka yi rashin sa'a malamin na da ubangida, hedimastan ne zai tsinci takardar canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina.

Shi ya sa sa idonmu ba ya farkawa sai abin kunya ya faru. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa, aka sallame su. An yi ta muhawara a kan malaman, amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wa ya ba su takardar shaidar malanta ta NCE ko makamanciyarta? Wa ya ɗauke su aiki? Su wa suka yi shekaru suna zagayen duba su suna rubuta cewa komai lafiya? An bar jaki ana dukan taiki. A Kano, sai da aka kashe wata ƙaramar yarinya a hannun mai makarantarsu a ƙarshen 2021 sannan a farkon 2022 gwamnati ta janye lasisin makarantun kuɗi baki ɗaya don a sake tantance su. Can sama ma haka ne: sai da wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, takardar ta wuce duk shingayen tantancewa har ta kai shi hidimar ƙasa, sannan a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo.

Ba sabuwar hukuma nake nema ba, mun ƙoshi. Sassan tabbatar da ingancin ilimi suna nan a ma'aikatu, sai dai a raba su da waɗanda suke dubawa, don ba ya yiwuwa mai makaranta ya zama shi ne alƙalin makarantarsa. A ba sufeto babur da mai daga asusun da hedimasta ba ya taɓawa, a hana sanar da ranar zuwa, a kuma wajabta masa ya sa yaran aji uku su karanta masa ɗan sakin layi da Hausa, ya rubuta nawa suka iya. Rahoton kada ya tsaya a durowa. A liƙa shi a ƙofar makaranta, a karanta wa iyaye a taron kwamitin kula da makaranta, gaban mai unguwa da liman da wakiliyar mata.

Kai ma, Malam Edita, akwai inda za ka taimaka. Ka tura wakilanka hukumomin SUBEB na jihohinmu su tambayo masu duba makarantu nawa kowacce ke da su, makarantu nawa ke wuyan kowane mutum ɗaya, da kuma nawa aka saki na man zagaye a zangon karatun da ya wuce. Duk amsar da suka bayar, ko da shiru ne, a buga mana mu gani.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon hedimasta,
daga Jihar Katsina.