Dan Allah makanikai a daina yi wa kik walda

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Ni direba ne a nan Jidda, ina bibiyar jaridarku ta waya, shi ne na ce bari in aiko da wani abu da ya same ni ko 'yan uwa masu harkar babur za su amfana.

Bara na tsinci wani tsohon Suzuki TS185 a wajen tashlihi, wato inda ake kwance tsofaffin motoci ana sayar da sassansu, irin babur ɗin jeji mai tu-sirok da aka fara yi tun 1971, nan ana ce masa dabbab. Ba shi da kik ko kaɗan, sai guntun shaf ɗin kawai a waje, wato ƙarfen da ake zura kik a kansa. Na je Sana'iya, unguwar gareji da masu kayan gyara, na samu wani mai kayan gyara, ya miƙo min wani kik na riyal 35 ya ce wai duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Ya shiga kam amma yana lilo, ni kuma da zumuɗi na ɗaure noti na hau bugu, kwana uku sai na ji ƙafata ta wuce fuu ba komai, ashe haƙoran da ke riƙe kik a jikin shaf ne suka fara cinyewa.

Bakaniken unguwarmu, ɗan uwanmu ne kuma dattijo ina ganin girmansa, ya ce kawo in ɗana masa walda a wuce wajen. Na ce Baba a'a. Shaf ɗin nan ta cikin murfin kuloci ya fito, akwai robar da ke tare mai a bakinsa, zafin walda zai ƙone ta mai ya dinga tsiyaya, sannan ranar da kuloci ya buƙaci gyara murfin ba zai fita ba sai an yanke kik ɗin, kuma wasu injinan in shaf ya lalace sai an raba inji biyu kafin a canza shi. Saboda riyal 35 fa!

Abin da na koya shi ne a auna kaurin shaf da abin awon milimita, a ƙirga haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, ni sai da na sa alama a haƙori na farko don sau biyu ina ɓata lissafi. Bambancin milimita ɗaya ma ya isa ya kashe maka shaf. Sannan a duba lanƙwasar kik ɗin, wani haƙoransa sun yi daidai amma in ka taka sai ya daki matakin ƙafa ko birki tun bai kai ƙasa ba. Kuma shi bol ɗin ɗaurewa cire shi ake yi gaba ɗaya kafin a zura kik, don akwai ɗan rami a jikin shaf da yake kwanciya a ciki, masu buga guduma a nan suke ɓarna.

Toh a ƙarshe dai a manhajar saye da sayarwa ta Haraj na samu kik na asali, tsoho ne duk tsatsa, na goge haƙoran da burushin waya na ɗan shafa giris. Allah ya taimake ni shaf ɗin bai gama ciwuwa ba. Yanzu bugu biyu ya tashi, ran Juma'a da yamma nake fita da shi bayan gari.

Naku,
Wani mai karatu daga Jidda