A ba wa labarin Rashid Khan haƙƙinsa

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da ɗan ƙorafi kan shirinku na wasanni. Da kuka taɓo wasan kurket, mai gabatarwa ya kira Rashid Khan na Afganistan "yaron da sa'a ta ɗauko". Gaskiya kalmar ta yi mini nauyi, domin wanda ya bi tarihin yaron nan ya san ba haka abin yake ba.

An haife shi a lardin Nangarhar a 1998, yaƙi ya kori iyalinsa zuwa Pakistan na wasu shekaru kafin su dawo gida. Yana ɗan shekara 17 ya fara buga wa ƙasarsa, da Zimbabuwe, a 2015. A lokacin Afganistan ba ta ma shiga sahun manyan ƙasashen kurket ba, sai a 2017 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta ba ta cikakken matsayi tare da Ireland. Ko wasannin da ake kira nasu na gida, a Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ko a Indiya suke bugawa. Ka ga mutumin da filinsa ma na aro ne, ina sa'ar take?

Abin da ya fito da shi hannunsa ne. Idan zai jefa ƙwallo yana murza ta da wuyan hannu, amma da sauri fiye da yadda aka saba, har mai riƙe da sandar dukan ƙwallon ya kasa gane ta ina za ta juya. Wannan ne ya sa ƙungiyar Sunrisers Hyderabad ta biya rupi miliyan 40 ta ɗauke shi a gasar ƙungiyoyin kurket ta Indiya, IPL, ta 2017, inda ya shiga gogayya da zaratan duniya kullum. Shekara ta zagayo, yana da shekara 19, ya hau saman jerin masu jifa na ICC a wasan yini ɗaya. A 2024 kuwa shi ne kyaftin da ya kai ƙasarsa wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na T20, wato gajeren nau'in wasan, bayan sun doke Ostireliya. Afirka ta Kudu ta yi musu kaca-kaca a can, ban ɓoye ba.

Mu ma fa muna da yara a wannan fagen: 'yan ƙasa da shekara 19 na Najeriya sun je kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020. Don Allah ku ware ko minti biyar ne a shirin, ku gayyato wanda ya san wasan ya yi wa masu sauraro bayaninsa da Hausa.

Naku,
Mai sauraro daga Kaduna