Wasiƙar Godiya ga Maɗaba'ar da ke Fitar Mana da Labaran Soyayyar Zamanin Da

Zuwa ga Shugaban Maɗaba'a, da editoci, da masu tace rubutu, da masu zanen bango da taswira, da duk wanda hannunsa ke taɓa littafi kafin ya iso gare mu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Yaba kyauta tukwici ne, shi ya sa na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a, domin aikin da nake son yabawa jama'a ne suke cin moriyarsa. Na daɗe ina bin jerin littattafan da kuke fitarwa, waɗanda suke ɗora soyayya a kan tarihi, su sirka ta da almara, sannan su ɗaure mai karatu da zullumi har shafin ƙarshe. Marubuta suna samun nasu yabon, tunda sunansu ne a bango. Ku kuwa aikinku kamar ɗinkin cikin riga yake, ba mai lura da shi sai ranar da ya warware. Naku bai taɓa warware mini ba, kuma ina so ku san akwai masu lura.

Abin da ya fi riƙe ni a irin waɗannan labarai shi ne mai karatu ya san ranar da masifa za ta sauka, su kuwa masoyan ba su sani ba. Ku duba littafinku da aka kafa a birnin Garanada na ƙasar Andalus, wato yankin Sifen da Musulmi suka mulka. Babin farko ya buɗe da shekarar 1490 a saman shafi, kuma duk wanda ya leƙa tarihi ya san cewa ranar 2 ga Janairun 1492 Sarki Abu Abdullahi zai miƙa birnin ga Ferdinand da Isabella, sarakunan Kiristocin Sifen. Saurayin da budurwar ba su da labari. Suna ta gardama a kan gidan da za su zauna, tana fushi da shi don ya saɓa alkawarin zuwa, shi kuma yana jan aji. Ni da ke riƙe da littafin sai in ji kowane ɗan saɓani nasu ya yi mini ciwo, kamar in kutsa cikin takardar in ce musu ku shirya, kwanakinku ƙidayayyu ne. Da aka rattaba hannu a yarjejeniyar Nuwamban 1491, wadda ta yi wa mutanen birnin alkawarin barinsu da addininsu da dukiyarsu, duk wanda ke cikin labarin ya sauke ajiyar zuciya. Ni hankalina ƙara tashi ya yi, domin na san ba za a cika shekara 10 ba za a taka alkawarin, kuma tsakanin 1609 da 1614 za a kori jikokinsu daga ƙasar baki ɗaya. Marubucin bai ce mini komai game da wannan ba. Tarihi ne ya tsaya a bayan masoyan yana jira, ni kaɗai nake ganinsa.

To amma wannan fargaba mai daɗi ba ta samuwa sai mai karatu ya amince da ƙasar da aka tsayar da shi a kai. A nan ne aikinku ya shigo. Da a ce an sa wa wani mayaƙi madubin hangen nesa a hannu a kan ganuwar birni a 1453, alhali ba a san wannan na'ura ba sai 1608 a ƙasar Holan, da shi ke nan, amana ta karye. Daga nan ba zan ƙara yarda da kwanan wata ko nisan tafiya ko dokar aure da littafin ya ambata ba, kuma idan ban yarda da haɗarin ba, ba zan ji wa kowa tsoro ba. Na sha ajiye littafinku in je in bincika wata magana da na ga kamar an ƙara mata gishiri, in tarar daidai take. Na taɓa rubuto muku ina tambaya a kan wani kwanan wata, wani daga cikin editocinku ya ba ni amsa cikin ladabi, ya bayyana mini cewa bambancin ya taso ne daga tsohuwar kalandar Turawa da sabuwar da Fafaroma Gregory ya kawo a 1582, wadda Ingila ba ta karɓa ba sai 1752. Ba dolensa ba ne ya yi mini wannan dogon bayani. Allah ya saka masa da alheri.

Haka kuma shafukan da kuke ƙarawa a ƙarshen kowane littafi, inda ake rarrabe wa mai karatu abin da ya faru da gaske da abin da marubuci ya ƙaga. Don Allah kada ku taɓa cire su don rage kuɗin bugu. Su da taswirar da ke shafin farko suna daga cikin dalilan da suka sa nake iya miƙa wa matashi littafinku ba tare da fargabar zai haddace ƙarya ya ɗauke ta tarihi ba.

Wasu kan tambaya, me ya sa sai an koma zamanin da kafin a ba da labarin soyayya? Amsar tana cikin nauyin abin da masoya suke sa wa a caca. A Ingila, kafin dokokin 1870 da 1882, abin da mace ta mallaka ko ta samu da guminta yakan koma hannun mijinta da zarar an ɗaura aure. Saboda haka idan budurwa a irin wannan labari tana jinkirin amsa wa mai nemanta, rayuwarta ce kacokan take aunawa, domin kuskure ɗaya ya isa ya raba ta da komai. Dokar aure ta 1753 kuma ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure sai da yardar iyaye, amma ba ta hau kan Sikotland ba, shi ya sa masoya suke gudu cikin dare a keken doki zuwa ƙauyen Gretna Green da ke bakin iyaka, dangi na biye da su. Marubuci bai buƙaci ƙirƙiro wannan tsere ba, doka ce ta haife shi. Sai kuma nisa. Kafin a buɗe mashigin ruwa na Suez a 1869, jirgin ruwa daga Ingila zuwa Indiya sai ya zagaya ta kudancin Afirka, tafiyar watanni. Shahararren matafiyi Ibn Battuta ya kwashe kimanin wata biyu kafin ya ƙetare Sahara daga Sijilmasa ta ƙasar Maroko zuwa Walata da ke Muritaniya ta yau a 1352. A irin wannan duniya, wasiƙar ban haƙuri tana iya isowa bayan an ɗaura wa wadda aka rubuta wa aure da wani. Mu da muke jin haushi idan saƙon waya ya yi awa ɗaya ba amsa, muna samun wani abu a wannan jira da zamaninmu ya ƙwace mana, wato mu ga so da aka jarraba da haƙuri na gaske.

Batun almara kuwa, nan ne na fi jinjina muku, domin nan ne aka fi yin tuntuɓe. Mutanen da ake ba da labarinsu sun rayu ne a duniyar da mafarki saƙo ne, tauraro mai wutsiya gargaɗi ne, kango kuma yana da masu shi da ido ba ya gani. A lokacin da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Muhammadu na Biyu, yana ɗan shekara 21, ya yi wa Kustantiniyya (Istanbul ta yau) ƙawanya, wata ya yi husufi ranar 22 ga Mayun 1453, mutanen birnin suka ɗauka alama ce ta ƙarshensu. Mako ɗaya bayan haka, ranar 29 ga Mayu, birnin ya faɗi. Marubucin da ya sa wata tsohuwa mai duba ta ga wannan tun kafin ya auku bai ci amanar zamanin ba, ya shigar da mu cikin ƙirjin mutanensa ne, muka ji tsoron da suka ji. Kuma a wannan yaƙin ne aka ja jiragen ruwa kusan 70 ta kan tudu a bisa gumagumai don a kauce wa sarƙar da ta tare mashigin birnin, abin da in ba don tarihi ya tabbatar ba sai a ce almara ce.

Amma sihirin da ke warware kowace matsala kashe labari yake yi. Idan zobe ko aljani zai iya fitar da jarumi daga kurkuku duk lokacin da marubuci ya rasa mafita, to me zai sa gabana ya faɗi? Na lura, kuma na tabbata ba haka kawai ya faru ba, cewa a littattafanku kowane abin mamaki yana da ƙa'ida kuma yana da farashi. Mai ganin gobe tana gani, amma ba a yarda da ita. Mai neman taimakon ɓoye yana samu, amma sai ya biya da abin da ya fi so. Sama da duka, almarar ba ta taɓa ture babban tarihi. Garanada sai ta faɗi. Bagadaza sai ta shiga hannun Hulagu, jagoran mayaƙan Mongol, a 1258. Abin da sihiri zai iya bai wuce ya ɓoye mutum biyu na dare ɗaya ba, ko ya buɗe musu ƙofa guda, saura kuma sai jarumtarsu da amanarsu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin matar nan ta zamaninmu da ta farka ta tsinci kanta a birnin Messina na tsibirin Sisili a 1347, daidai lokacin da jiragen da suka kawo annobar nan da ta lashe wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai suke shigowa tashar ruwa. Ta san cewa ƙwayar cuta ce, ta san ɓeraye da ƙuma ne ke yaɗa ta, ilimin da duniya ba za ta fara kamo bakin zarensa ba sai 1894. Idan ta yi shiru, mutumin da ta fara so zai iya mutuwa. Idan ta yi magana, za a ce mayya ce. Ilimin da ya kamata ya zama garkuwarta shi ya zama tarkonta. Ban san wane edita ne ya zauna da marubucin ya hana shi ba ta hanya mai sauƙi ba, amma ko wane ne, ya san aikinsa.

Shi kansa jan rai sana'a ce mai tarihi. Tun 1836 da jaridun Faris suka fara buga ƙagaggun labarai kashi-kashi, marubuta suka gane cewa inda aka yanke babi shi ke dawo da mai karatu gobe. Littattafanku sun iya wannan yanka, kuma ba sa yin ha'inci da shi. Idan aka gano maci amanar fada a babi na talatin, in na koma baya sai in tarar an ajiye mini alamunsa tun babi na biyar, ni ce ban kula ba. Ina kuma godiya ta musamman ga mai rubuta ɗan bayanin bayan bango. Yana kwaɗaitar da mutum ba tare da ya tona asirin labarin ba, abin da maɗaba'u da yawa suka kasa.

Akwai abu biyu kuma da ba zan tsallake ba. Ba ku yi wa zamanin da kwaskwarima. Bauta tana nan a shafukanku da muninta, haka auren dole, haka zaluncin masu mulki, haka yunwar da ke biyo bayan ƙawanya, kuma ba a keɓe wata al'umma guda an ce ita kaɗai ce mai laifi. Sannan soyayyar da kuke bugawa tana da kunya. Kallo ɗaya ta tagar bene, ko hannu da ya kusa taɓa hannu aka janye, ya fi girgiza zuciya a kan shafuka goma na batsa, kuma marubutanku sun fahimci haka. Masu raina irin waɗannan littattafai suna cewa ɓata lokaci ne. Ni dai na san matasan da ba su taɓa jin sunan Andalus ba sai a cikinsu, daga nan suka nemi littattafan tarihi na ainihi da ƙafarsu.

Tunda wanda ya yi da kyau shi ake ƙara roƙo, ga nawa. Faɗuwar Daular Songhai tana jiran marubuci. A 1591 rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Pasha ta ƙetaro Sahara da bindigogi, ta karya mayaƙan Askiya Ishaƙ na Biyu a Tondibi, kuma a 1594 aka kai babban malamin Tumbuktu, Ahmad Baba, birnin Marrakesh a matsayin fursuna, aka raba shi da littattafansa. Akwai fatake da ayari, akwai malamai masu ɓoye rubuce-rubuce, akwai kogin Neja da labaran mazauna ƙarƙashin ruwansa, akwai fada cike da tuggu. Idan irin wannan rubutu ya zo teburinku, ku ba shi kulawar da kuka ba Garanada. Roƙo na biyu kuma, ku duba yiwuwar fitar da wasu daga cikin littattafan da manyan baƙaƙe, saboda dattawan da idonsu ya yi rauni amma sha'awar karatu ba ta bar su ba.

Allah ya ƙara wa maɗaba'arku albarka, ya saka wa kowane ma'aikaci da alheri, tun daga ofishin shugaba har zuwa ɗakin da ake ɗinke littafi.

Wassalam.

Taku,
Ɗaya daga cikin masu karatunku