Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙanena ɗalibin aikin jarida: su ma mudu biyu gare su

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar Asabar, bayan na gama magana kan malaman addini masu ɗaga hannun 'yan takara, ka miƙe daga kujerun baya ka ce: "Yallaɓai, in kafafenmu na da son zuciya, me zai hana mu kwaikwayi na Amurka, tunda su kowa mudu ɗaya suke auna masa?" Aka kira la'asar, taro ya watse, na ce zan ba ka amsa a rubuce. Ga ta.

Su ma mudu biyu gare su, na saye daban, na sayarwa daban. Ba labari aka ba ni ba, ina kan teburin labaran duniya a wani gidan rediyo lokacin zaɓensu na 2008.

Ka riƙe rana ɗaya, 26 ga Fabrairu, da jiha ɗaya, Ohio. Da dare a Cleveland ana muhawara tsakanin Barack Obama da Hillary Clinton, ɗan jarida Tim Russert ya tsare Obama kan Louis Farrakhan, shugaban Nation of Islam, wata ƙungiyar baƙaƙen fata Musulmi a Amurka, wanda ya yabi Obama 'yan kwanaki kafin nan. Obama bai nemi yabon ba, amma ba a ƙyale shi ba sai da ya furta cewa ya yi tir da mutumin kuma ba ya son goyon bayansa. To, a wannan ranar, a Cincinnati, John McCain, mai neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Republican, ya hau dandamali da Fasto Rod Parsley, ya kira shi jagora a harkar imani. Wannan Parsley ya rubuta a littafinsa na 2005 cewa cikin dalilan kafa Amurka har da ganin bayan Musulunci. Washegari a San Antonio McCain ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Fasto John Hagee ya karɓi goyon bayansa, goyon bayan da shi da kansa ya nema. Hagee ne ya ce guguwar Katrina ta 2005, wadda ta kashe mutum sama da dubu, hukuncin Allah ce a kan New Orleans. 'Yan Katolika sun yi ƙorafi kan kalamansa game da cocinsu, an ɗan taɓa labarin, aka wuce.

Sai ga 13 ga Maris. Tashar ABC ta fito da guntayen wa'azin Jeremiah Wright, limamin cocin Obama a Chicago. A ɗaya, na 2003, yana cewa Allah Ya tsine wa Amurka saboda yadda take yi wa baƙaƙen fata. A ɗayan, na Lahadin da ta biyo bayan harin 11 ga Satumba 2001, yana nufin Amurka ta girbi abin da ta shuka. Akwai talabijin a bangon ɗakin labaranmu, kusa da agogo. Na ga waɗannan 'yan daƙiƙu safe da rana da dare har na haddace yadda hannun rigarsa ke motsi. Wa'azin mai tsawo ne, amma wa ya kunna shi duka? Kaɗan ne suka tuna mutumin tsohon soja ne, har yana cikin ma'aikatan asibitin da suka kula da Shugaba Lyndon Johnson a 1966. Dole Obama ya yi dogon jawabi a Philadelphia ranar 18 ga Maris, ya barranta daga Wright a ƙarshen Afrilu, ya bar cocin ɗungurungum ranar 31 ga Mayu.

Za ka ce, ai Wright shekara wajen ashirin yana limancin Obama, shi ya ɗaura masa aure, ba ɗaya suke da wanda aka haɗu da shi a filin kamfen ba. Gaskiya ne, kuma ban ce kada a binciki Wright ba. Amma wanda ka taka ka je ka roƙi albarkarsa don ƙuri'a, bayan kalamansa suna nan a faifai da littafi, ai zaɓe ka yi da idonka biyu. Kuma maganar cewa bala'in 11 ga Satumba laifin Amurkawa ne ba Wright ya fara ta ba. Kwana biyu da harin, wani fasto mai suna Jerry Falwell ya ɗora laifin kan masu zubar da ciki da 'yan luwaɗi da waɗanda ba ruwansu da addini. McCain da ya kira shi dillalin ƙiyayya a 2000, shi ne ya je jami'arsa ya yi jawabin yaye ɗalibai a 2006.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya kawo ƙarshen zancen. McCain bai rabu da Hagee ba sai 22 ga Mayu, kusan wata uku, bayan an tono wani tsohon wa'azi inda yake cewa Hitila mafarauci ne da Allah Ya aiko don ya kora Yahudawa zuwa Isra'ila. A ranar ya haɗa da Parsley ya sallama. Kenan mutanen New Orleans da Musulmin duniya ba su isa su tayar da ƙura ba. Nauyin zagi a wannan sikeli ya danganta ne da wanda aka zaga, da kuma ko yana da wanda zai ɗaga waya ya kira edita. Shekara goma bayan haka, a Mayun 2018, Hagee ne ya yi addu'ar rufe taron buɗe ofishin jakadancin Amurka a Birnin Ƙudus.

Ni ma ina da laifi, kuma har yau yana damuna. Ina fassara labaran da kamfanonin dillancin labarai ke aiko mana, sai na riƙa rubuta "limamin nan mai tsattsauran ra'ayi" gaban sunan Wright, Hagee kuwa "fitaccen mai wa'azin Kirista". Ba wanda ya tilasta ni. Yadda na gani a takarda haka na juye, mai karanta labarai ya karanta, manomi a ƙauye ya ji a rediyonsa ya ɗauka hukunci ne da aka yanke bayan bincike. Wani dattijo abokin aikina ne ya ajiye takardun biyu gabana, ya sa yatsa a kan kowace, ya tafi bai ce uffan ba.

A gida ma ka san yadda take. Daren shiga 2015 limamin Katolika Fada Ejike Mbaka ya juya wa Jonathan baya a Inugu, mutanenmu suka yi ta yaɗa faifan, ya zama mai faɗar gaskiya komai ɗacinta. A 2021 da ya ce Buhari ya sauka, waɗannan bakunan ne suka ce limami ba ruwansa da siyasa. Mutumin bai sauya ba, inda ya nuna da yatsa ne ya sauya.

Don haka kada ka ɗauko mudunsu. In ɗan takara ya je gaban malami ko fasto, ka yi masa tambayar da za ka yi wa abokin hamayyarsa: ka san abin da mutumin nan ya faɗa, ka yarda da shi? Ka saurari wa'azin daga farko har ƙarshe kafin ka yanko daƙiƙa goma. In za ku sake zama, ka taho da jaridun mako guda na lokacin kamfen da jan biro, mu bi su layi-layi mu ga wa aka kira "shehi", wa aka kira "mai tayar da zaune tsaye".

Ka gaishe mini da malamanku.

Naka, yayanka a sana'a.