Zuwa Ga Babana: Bidiyon Da Ka Goge Da Waƙoƙin Zamaninmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya karatu, ya sanyin Zariya? Mu nan gida lafiya lau, sai godiyar Allah. Ummarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Ita ce ta faɗa mini ka goge ɗan bidiyon nan da ka shafe wata biyu kana haɗawa da abokanka, wai don ka sa shi a intanet kwana uku babu masu kallo sai 'yan tsiraru, har ka ce ka wanke hannunka daga harkar. Na ɗauki waya zan kira ka, sai na ajiye. Maganar da nake so in yi maka ta fi ƙarfin minti biyar, kuma ina so ta zama abin da za ka sake karantawa in ranka ya huce.

Ka sha ganina da yamma ina sauraron tsofaffin waƙoƙin Turawan nan a waya, kai da ƙannenka kuna murmushi. Ban taɓa zama na faɗa maka abin da nake gani a cikinsu ba. Yau zan faɗa.

Ina ɗan shekara goma sha bakwai, a 1984, wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa ya dawo daga Landan da na'urar bidiyo da kaset guda uku. Biyu finafinan Indiya ne. Na ukun babu ko rubutu a jikinsa, wani ne ya naɗo masa daga talabijin ɗin can, waƙoƙi ne a jere, wata ma an yanke mata kai, wata babu ƙarshe. Tashar MTV da aka buɗe a Amurka ranar 1 ga Agusta 1981 don nuna irin waɗannan waƙoƙi dare da rana, mu ko sunanta ba mu sani ba a lokacin. Wannan kaset ɗaya shi ne tasharmu. Bayan sallar isha'i a ranar Alhamis ake fito da talabijin ɗin zaure, a ɗora a kan tebur, mu samarin unguwa mu fi ashirin a kan tabarma biyu, gwiwa na gugar gwiwa, ƙanana a gaba, masu tsawo a jikin bango. Sau ɗaya ake kunnawa a mako. In ka kau da kai, ya wuce ka sai wani makon.

A nan na fara ganin Michael Jackson yana tafiya a kan wani titi, duk dutsen da ya taka sai ya kama da haske. Waƙar Billie Jean ke nan. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai kiɗan nan mai sauka kamar bugun zuciya da ƙarar fanka. Da aka tashi muka tsaya a ƙofar gida muna gardama har dare ya raba, wasu na cewa akwai wani abu a tafin takalminsa, wasu na cewa siddabaru ne. Sai bayan shekaru masu yawa na karanta bayanin wanda ya shirya bidiyon, wani mutum mai suna Steve Barron. Kuɗin da aka ba su bai kai su sayi duwatsun da za su kunna kansu in an taka ba. Mai haɗa wuta ne ya tsaya a gefe yana bin ƙafar mawaƙin da ido, yana kunna fitila da hannu. Abin da ya hana mu barci a Kano, ashe ƙarancin kuɗi ne ya haɗu da ido mai lura. Kuma ka sani, kafin wannan waƙa tashar MTV da ƙyar take saka mawaƙa baƙar fata. A 1983 wannan bidiyo ya tura ƙofar, wasu suka biyo baya.

Ka riƙe sunan Steve Barron, zan dawo kansa.

Ranar da aka kai kan Thriller ba zan manta ba. Mu waƙa muka sani minti uku ko huɗu, sai ga abu ya doshi minti goma sha huɗu, da labari, da gidan silima, da maƙabarta. Ana cikin nuna matattu suna tasowa daga kaburbura aka ɗauke wuta. Wani yaro ya ƙwalla ƙara, muka watse a guje, wasu ko takalma ba su tsaya ɗauka ba. Mako guda cur muka jira kafin mu ga ƙarshensa, kuma a wannan makon babu abin da ba mu saƙa ba a zukatanmu game da yadda zai ƙare. Ni dai har yau ina ganin wannan jiran yana cikin daɗin abin. Akwai wani ɗan rubutu da yake fitowa a farkon bidiyon, wanda a lokacin Turancinmu bai kai mu kula da shi ba. Mawaƙin ne ya sa aka rubuta cewa wannan fim ba ya nufin ya yarda da tsafi, saboda aƙidar addinin da yake bi. Mutumin da duniya ke rububinsa, wanda ya kwashe kyautar Grammy takwas a dare ɗaya a 1984, ya tsaya ya auna aikinsa da abin da ya yi imani da shi kafin ya sake shi. Wannan ya zauna mini a rai, kuma ina so ya zauna maka.

To, ga inda nake so in kai ka. Akwai wasu samari uku 'yan ƙasar Norway, sunan ƙungiyarsu a-ha, waƙarsu Take On Me. Ka san ta, ita ce wadda ƙanwarka take cewa in ƙara mata murya in mun shiga mota. Sun fitar da ita a 1984, in ban da a ƙasarsu ta faɗi warwas, ba wanda ya waiwaye ta. Suka koma suka sake naɗar ta da sabon kiɗa, suka sake fitarwa a Ingila, nan ma shiru. Sau biyu ke nan. Sai aka ɗauko Steve Barron ya yi mata sabon bidiyo. Wata budurwa tana zaune a shagon shan shayi tana karanta littafin zane, sai hannu ya fito daga cikin takardar ya yafuto ta, ta shiga duniyar da aka zana da fensir. Ka san yadda aka yi shi? An fara ɗaukar mutanen da kyamara, sannan masu zane suka zauna suna bin hoton ɗaya bayan ɗaya, suna zana shi da hannu a takarda, kusan hoto 3,000, na tsawon mako 16. Wata huɗu ke nan mutum yana sunkuye da fensir saboda abin da bai kai minti huɗu ba. A watan Oktoba na 1985 waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, shekarar da ta biyo baya bidiyon ya ci kyautar MTV guda shida.

Waƙar da aka ƙi saurara sau biyu ita ce wannan, Babana. Da sun goge ta a karon farko kamar yadda ka yi, da ni da ƙanwarka ba mu san da ita ba bayan shekara arba'in. Kai kwana uku ka ba naka aikin.

Haka Peter Gabriel a 1986, a bidiyon Sledgehammer. Ya kwanta a ƙarƙashin gilashi awa 16 ana ɗaukar fuskarsa hoto ɗaya-ɗaya, ana matsar da 'ya'yan itace da laka da jirgin ƙasa na wasan yara a kewayen kansa, kaɗan-kaɗan, don in an haɗa su ga kamar suna motsi da kansu. Wayar da ke aljihunka a yau ta fi duk na'urorin da suka yi aiki da su. Abin da suka fi ka shi ne zama a kan abu ɗaya har sai ya nuna.

Na san abin da za ka ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A'a, ina jin daɗin bana ƙwarai. Wanda ya yi amfani da biro yana juya zaren kaset don kada batir ya ƙare, wanda ya taɓa liƙe zaren da ya tsinke da jan farce, ya fi kowa sanin darajar danna waya waƙa ta fito. Kuma ba duk abin da aka yi a shekarun nan ne zinariya ba. Akwai shirme da yawa, lokaci ne ya tankaɗe shi, tsabar ta rage. Akwai kuma bidiyoyin da mai gidan da kansa yake tashi ya danna ya wuce da su, don shigar da ke ciki ba ta zaure ba ce, ba kuma ta ɗan Musulmi ba. Ba mu yi masa musu ba, mun san gaskiyarsa. Kakanka, wanda ka ci sunansa, bai taɓa hana ni zuwa kallon ba. Sharaɗinsa biyu ne, kada sallah ta wuce ni, kada kuma in shigo masa gida da abin da zan ji kunyar ya gani. Shi yana tsakar gida da rediyonsa yana jin Shata ko Ɗanƙwairo, ni ina ɗaki da rikodata ina jin Lionel Richie, kuma gida ɗaya ya ɗauke mu. Daga baya na gane kunnen da ya saba da kalangu shi ne ya fara gane daɗin gangar Turawan. Sharaɗin kakanka shi nake miƙa maka a kan duk abin da za ka ɗauka da kyamara, ban ƙara komai a kai ba.

Akwai kuma alfaharin da muka ji ranar da wani ya ce mana matar nan mai sanyin murya da ke rera Smooth Operator, Sade, a Ibadan aka haife ta, mahaifinta ɗan Najeriya ne. Ba ta tsalle, ba ta ihu, tana tsaye cik gaban makirufo, amma kowa ya yi shiru ya saurara. A gida ma ba a bar mu a baya ba, ga Onyeka Onwenu da One Love, ga Majek Fashek da waƙarsa ta roƙon ruwa a 1988, wadda har a kasuwa kana ji tana tashi daga shagon masu kaset.

Amma wadda ta fi taɓa ni daban ce. A 1984 fari ya yi tsanani. Habasha aka fi nunawa a duniya, amma mu ma ya taɓa mu. Na ga mutane sun gangaro daga arewa, daga ƙasar Nijar, mata da goyo da ƙorai a hannu, dabbobinsu sun ƙare, suna kwana a bakin masallatai. Kakarka takan ƙara awo a tukunyar tuwo ta ce in kai musu. Ana cikin wannan hali, a daren 28 ga Janairu 1985, mawaƙan Amurka fiye da 40 suka taru a ɗakin naɗar waƙa guda a Los Angeles suka yi We Are the World don tara kuɗin taimakon masu yunwa. Michael Jackson da Lionel Richie suka rubuta, Quincy Jones ya ja ragamar aikin. An manna takarda a ƙofar shiga cewa kowa ya ajiye girman kansa a waje. Bidiyon babu ado ko kaɗan. Mutane ne tsaye a sahu da abin sauraro a kunne da takarda a hannu, duk wanda aka ba layi ya rera nasa ɗaya ko biyu ya ja baya ya ba na kusa da shi. Ga Ray Charles, ga Stevie Wonder, dukansu makafi, suna jijjiga kai. Manyan da kowannensu shi kaɗai yake cika filin wasa, sun kwana a tsaye don layi guda. Da na gan shi a zauren nan, fuskokin matan bakin masallaci ne suka dawo mini, na sunkuyar da kai don kada abokaina su ga idona.

Na kawo wannan ne don Ummarka ta ce har da saɓani tsakaninka da abokan aikinka, kan wane ne sunansa zai fara fitowa. Ka je ka same su. Kai ne za ka fara sallama, ko da kana ganin kai ke da gaskiya. Aikin da mutum huɗu suka yi wata biyu suna yi ba naka ba ne kai kaɗai da za ka goge shi cikin fushi, kana da bashin ban haƙuri a wuyanka. Na tabbata ɗayansu yana da kwafi a kwamfutarsa. Ku zauna ku sake kallonsa da idon baƙo, ku ga inda ya yi tsawo, inda sauti ya shige, inda labarin ya kwance. Ku gyara, ku nuna wa mutum goma a ɗaki ɗaya kuna kallon fuskokinsu, kafin ku sake kai shi intanet. Fuskar mutum goma za ta faɗa maka abin da lambar da ke ƙasan bidiyo ba za ta faɗa ba. Kuma kada wannan ya ci lokacin karatunka, jarrabawa ta kusa, ita ce gaba.

Ni ban ga bidiyon naka ba, kuma abin ya dame ni. Ka nuna wa duniya, ba ka nuna wa mahaifinka ba. In kun samo shi ka turo mini yadda yake, kafin gyara.

In an yi hutu ka taho da kwamfutarka. Akwatin kaset ɗina yana nan a saman durowa, na sa an gyara tsohuwar rikodar, tana ɗan jan zare amma tana yi. Ina so mu zauna a falo bayan isha'i, da kai da ƙannenka da Ummarka, a kashe fitila, kowa ya ajiye waya a ɗaki. Zan nuna maka bidiyon fensirin nan a babban allo, mu tsayar da shi a daidai inda hannun yake fitowa daga takarda, ka faɗa mini yadda kai za ka yi shi da kayan aikinku na yanzu, don ni wannan ɓangaren kai ne malamina.

Ummarka ta ba direban da zai zo ranar Asabar yaji da ƙuli-ƙuli da bargo, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka da asuba. Ka gaishe da abokan naka, ka ce ina sa musu albarka.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka basira, ya tsare mini kai.

Wassalam,
Mahaifinka.